Rana a Tagar Kudu

Shekara tara teburina na manne da na Bronwen Triffitt a wani ƙaramin ofis a Hobart. Aikinmu haɗa hoton ginin da ba a gina ba tukuna a kwamfuta, yadda mai saye zai rantse da kyamara aka ɗauka. Ni waje nake yi, bishiyoyi da motoci. Ita cikin ɗaki take yi, kuma gaskiya ban ga na biyunta ba.

'Yar kafinta ce daga garin Huonville, ta tashi tana share ɓawon katako a shagon babanta. Sai ka gayyace ta cin abinci ka same ta durƙushe tana ɗaukar hoton daben gidanka. A wajenta ɗakin da ya cika tsaf bai yi kama da na mutane ba, don haka sai ta gama sannan ta ɓata: ta karkace darduma, ta bar shatin kofi a tebur, ta yamutsa matashin kujera kamar yanzu wani ya tashi. Haushi nake ji in ta kwashe yini guda a kan labule ɗaya ana jiranmu. Nakan ce mata sarauniyar ƙura, ita kuma ta ce da ni mai gonar roba.

Wata shekara aka kawo mana aikin gidan tsofaffi, ɗaki arba'in, rabinsu na kallon kudu. To, garinmu can kudancin duniya yake, rana ta arewa take bi, kowa ya san tagar kudu ba ta ganin rana duk tsawon sanyi. Bronwen ta yi hoton yadda yake. Ogammu Darryl ya leƙo ya ce wannan ai cikin firji ne, a sa rana. Ta ce kudu ne fa. Ya ce kowa haka yake yi, kuma akwai ɗan rubutu a ƙasa mai cewa hoton misali ne. Ta ɗan yi gunaguni, sannan ta ja ranar ta kawo ta kudu. Ko minti biyu ba ta yi ba. Hoton ya yi kyau ba kaɗan ba, haske kwance a dabe, kujera a tsakiyarsa. Ban ga laifinta ba, don ni ma na sha dasa bishiya a inda turken lantarki yake.

Bayan wata takwas mahaifiyarta, Noelene, ta shigo ofis da kek ɗin tuffa da takardar tallar a jaka. Shekararta saba'in da takwas, mijinta ya rasu, ga ciwon gwiwa. Ashe ta sayar da gidan Huonville ta kama ɗaki na sha huɗu a gidan tsofaffin, ba ta gaya wa Bronwen ba don ta ba 'yarta mamaki. Ta ɗora yatsa a kan kujerar ta ce nan za ta riƙa shanya gwiwoyinta kowace safiya. Ɗaki na sha huɗu kuwa a kudu yake.

Kwana uku Bronwen ba ta tsokane ni ba. A na huɗu ta mayar da ranar inda Allah ya ajiye ta, ta saita ƙarfe goma na safe a watan Yuni, tsakiyar sanyinmu, ta buga hoton a takarda. Ɗakin ya fito toka-toka. Ta shiga wajen Darryl ta daɗe, ban san me ta ce masa ba, amma ta fito da alkawarin za a sauya wa tsohuwar ɗaki a ɓangaren arewa. Motarta na gareji, ni na kai ta wajen uwar a Huonville, don ba ta riga ta tashi daga gidan ba.

Noelene ta jera hotunan biyu a teburin kicin, ta sa tabarau.

"Mama, ni na juya ranar," in ji Bronwen. "Ba wanda ya kama mini hannu."

Ta yi ta bayani da sauri, cewa an gyara komai, sabon ɗakin, na talatin da ɗaya, ya ma fi girma. Tsohuwar ba ta katse ta ba. Wallahi tausayin su biyun ya kama ni, na rasa inda zan sa idona.

"To, ni an gyara mini don ina da 'ya a ofis," in ji Noelene. "Ƙawata Beryl fa? Ta kama na sha biyar don mu zauna kusa. Sai da ta tambaye ni, anya kudu zai yi rana haka? Na ce mata 'yata ce ta yi hoton, kada ta damu."

Noelene ta miƙa wa Bronwen hoton mai tokar, ta tashi a hankali ta ɗauko rigar sanyinta a bayan ƙofa.

"Gidanta na bayan coci," ta ce. "Zan raka ki, amma ke za ki faɗa mata."