Gonar Oma a Saman Benenmu

Wata Asabar ce cikin watan Yunin 1998. An kwana ana ruwa, gari ya waye da zafin nan mai ɗanko na birnin Guangzhou na ƙasar Chana, wanda ko wanka ka yi, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Umma ta ɗora mini bokitin wanki a ka, ta ɗauki ɗaya, muka hau matakala har saman benen da muke haya a unguwar Sanyuanli, domin shanyar da muka yi a taga ta ƙi bushewa har ta fara wari. Muna tura ƙofar ƙarfen sai muka ga wata tsohuwar Baturiya a durƙushe, ta ɗaure farin gashinta da shuɗin ɗankwali, tana tona ƙasa da cokalin miya a cikin farin akwatin nan mara nauyi da masu kifi ke zuba ƙanƙara. Irinsa sun yi layi a jikin katanga, wasu da kabeji, wasu wake ya fara yaɗo. Umma ta ajiye bokiti ta tsaya kallo. Can sai na ga ta matsa ta durƙusa kusa da tsohuwar, ta ɗebi ƙasar a tafin hannu, ta murza, ta shinshina, sannan ta ce da Hausa, kamar matar za ta ji: "Wannan ƙasar ai yunwa take ji, taki take so." Tsohuwar ta dube ta, ta faɗi wani abu da yarenta, ta nuna ƙasar ta yamutsa fuska. Sai suka fashe da dariya tare. Rabona da jin dariyar Umma tun muna Kano.

Shekarata tara a lokacin, kuma ni kaɗai ce a wurin iyayena. Abba ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Kano da Chana, yana saro takalma da yadi, har ya ga gara ya zauna a can ya riƙa yi wa 'yan kasuwa aike, sai ya ɗauko mu. Hausawan garin a wancan zamani ba su da yawa, kuma kusan duk maza ne da ke zuwa su yi sayayya su koma, sai ranar Juma'a su haɗu a Masallacin Huaisheng su gaisa. Ba wata mace da Umma za ta yi hira da ita. 'Yar manomi ce daga wani ƙauye a yankin Gwarzo, ta tashi a gidan da ke da rumbuna da turken awaki, inda sautin daka ke tashin mutum da safe. Ga ta yanzu a ɗaki biyu masu tagogin ƙarfe, benen maƙwabta ya matso har kana iya miƙa musu gishiri ta taga. Abin da ta iya na yaren garin bai wuce godiya da "meyo" ba, wato babu, kuma takan ce wannan kalmar ta ishe ta, tun da duk abin da take nema a kasuwa amsar ke nan.

Tsohuwar nan kakar Lena ce, wata yarinya da muke makaranta ɗaya, wata 'yar ƙaramar makaranta ta 'ya'yan baƙi inda ake koya mana Turanci. Oma take ce mata, wato kaka da yarensu, mu ma sai muka bi. Daga kudancin Brazil suka zo. Iyayen Lena ƙwararru ne a harkar takalmi, suna aiki a wata masana'anta a wajen gari, sai ƙarshen mako suke dawowa. Oma ba ta jin Turanci, wani tsohon Jamusanci take yi wanda Lena ta ce ko a Jamus an kusa daina jin irinsa. Saboda haka in ta yi magana sai Lena ta mayar mini da Turanci, ni kuma in mayar wa Umma da Hausa, amsa ta sake bin hanyar ta koma. Wani lokaci kafin mu gama kai-kawo su biyun sun riga sun fahimci juna da hannu.

Kafin damina ta fita, saman benen nan ya zama gona. Umma ta zazzage ƙullin zoɓon da ta taho da shi ta tsince 'ya'yan, ta fasa busasshiyar kuɓewa ta fitar da iri. Ni da Lena aka ɗora wa neman taki. Mukan tara ɓawon ƙwai da na ayaba da ganyen shayin da aka gama sha, mukan kuma je wurin wani dattijo ɗan garin da ke kiwon tattabaru a benen kusa, ya kankaro mana kashinsu a leda yana mana dariya. Da yamma mu jido ruwa a jarka, muna hutawa a kowane hawa, mu tsince tsutsa daga ganyen kabeji. In an yi shelar guguwa mai ƙarfi na tafe daga teku, mu ja akwatunan ɗaya bayan ɗaya mu jera a matakala, masu hawa suna tsallakewa suna mita. In mun gama sai wasa. Na koya wa Lena carafke da 'yar gala-gala, muka zana gidajen da alli kusa da tankin ruwa, yaran unguwa kuma suka koya mana buga wani abu mai gashin kaza da gefen ƙafa ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Su Umma kuwa sai su zauna a inuwar tankin. Oma tana da wani ɗan ƙoƙon duma da take cika shi da koren ganye mai ɗaci, ta zuba ruwan zafi, ta riƙa zuƙa da bututun ƙarfe. Ranar da Umma ta ɗanɗana ta ce ko shuwaka ba ta kai shi ba, amma ta ji daɗin ganin duma a hannun Baturiya. Da Oma ta gane ba ma cin alade, sai ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, a ciki kaɗai take dafa abin da za ta kawo mana.

A inuwar tankin nan muka ji tarihin gidansu, ba a zama ɗaya ba, guntu-guntu, tana ɓarar wake tana faɗa. Ta ce asalinsu talakawan manoma ne a wani yanki mai duwatsu a Jamus, inda aka yi ta raba gona gado bayan gado har rabon mutum ya koma kamar shimfiɗar tabarma. Sai aka zo musu da labarin wata ƙasa a hayin teku, wato Brazil, inda ake ba da fili ga duk mai iya sarewa. Kakar kakarta, Katarina, da mijinta suka sayar da saniyarsu suka shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska, suka yi watanni a kan ruwa. Da suka isa, filin da aka nuna musu ƙungurmin daji ne wanda rana ba ta taɓa ƙasansa, ba hanya sai wata 'yar siririya da aka sare da adda. Suka yi bukka da reshe da ganye, suka sare, suka ƙona, suka shuka alkamar da suka taho da ita, ta ƙi. Yunwa ce ta koya musu masara da rogo da baƙin wake. Da 'ya'ya suka yi yawa fili ya sake kasawa, sai na baya suka ƙara nutsawa gaba cikin daji suka kafa sabuwar tunga, haka jikoki ma. A irin wannan tungar aka haifi Oma, ta yi noma da garmar shanu tun tana budurwa. Ɗanta ne ya fara barin gona ya shiga aikin takalmi, aikin kuma ya taso ya dawo Chana, suka biyo shi. Takan ce, "Mu ba mu taɓa isa ba, hutawa kawai muke yi a hanya."

Wata rana Umma ta sa na tambaye ta: "Shi dajin da aka ba su, ba shi da masu shi ne?" Oma ta ajiye waken da take ɓara. Ta ce akwai mutane a ciki tun kafin zuwansu, masu farauta da 'yan gonakinsu, kuma an kore su, wasu an kashe su. Ta ce tana yarinya ba a faɗin wannan a gida, sai dai in garma ta tono fasasshiyar tukunyarsu, babanta ya jefar gefe ya ci gaba. Umma ta ce, "Allah Ya kyauta." Ranar ba a ƙara wata hira ba.

A farkon shekarar 1999 Umma ta haihu, namiji, bayan ta daɗe har ta fara cire rai. Aka sa masa Abubakar, muna ce masa Sadiƙ. Ba kaka ba gwaggo da za ta yi mata wankan jego, sai Oma ta riƙa saukowa da sassafe tana tafasa ruwa a babbar tukunya. Zafin ruwan yana ba ta tsoro, tana ta surutu da yarenta, amma ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Sadiƙ ya yi ɓulɓul, har ya fara gane muryata yana wutsil-wutsil in na dawo daga makaranta. Yana cikin wata na huɗu zazzaɓi ya kama shi, ya sauka a ƙirji. An kai shi asibiti, an yi abin da za a iya, kwanansa ya ƙare. Abba da wasu 'yan kasuwa na Kano da Maraɗi, tare da Musulmin garin, suka yi masa sallah suka kai shi maƙabartar Musulmi.

Umma ba ta yi kururuwa ba. Ta dai daina hawa sama, ta daina cin abin kirki, ta daina kiran sunan yaron, mu ma muka ji tsoron kira a gabanta. Abba ya ce zai mayar da mu Kano wurin dangi. Na ji ta amsa masa a hankali: "In zauna ba zan iya ba. In tafi kuma in bar shi shi kaɗai, a ƙasar da ba wanda ya san sunansa?" Abba ya bar maganar. Tana ta ramewa a gabanmu, ni kuma na shiga fargabar kada ita ma ta bi shi.

Wata la'asar Oma ta ƙwanƙwasa ƙofa, Lena na bayanta. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma da ƙyar saboda gwiwarta, ta ce in matso, akwai abin da ba ta faɗa mana ba a labarin Katarina. Ta ce da suka shiga jirgi tana goyon jariri. Ciwo ya ɓarke a tsakiyar teku, yaron ya mutu a hannunta. Aka naɗe shi a ƙyalle, aka zura shi cikin ruwa, jirgi bai ko tsaya ba. Da Lena ta faɗa mini haka sai na ga kamar zan ƙara wa Umma ciwo ne, amma Oma ta kafa mini ido har na faɗa. Ta ci gaba da cewa Katarina ta haifi wasu da yawa a daji, ta tsufa ƙwarai, amma duk wanda ya tambaye ta 'ya'yanta, da shi take fara lissafi, ta kuma sa 'ya'yanta da jikokinta suka riƙe haka.

Umma ta ɗago kai, karo na farko tun shigowarsu. Ta ce, "Walida, tambaye ta, har yanzu sun san sunansa?"

Ban kai ga juya maganar ba Lena, da ta ɗan tsinci Hausa a bakina, ta fahimta, ta amsa da kanta ba tare da ta dubi kakarta ba: "Yohan."

Umma ta dubi yarinyar. Jaririn da bai taka ƙasa ba, wanda ko kabari ba shi da shi, ga sunansa a bakin 'yar makaranta a wata duniyar daban. Sai ta ɗora hannu a ƙirjinta ta ce wa Oma, "Nawa Sadiƙ." Oma ta maimaita, harshenta na karyewa. A nan ne kukan da Umma ta riƙe ya ƙwace mata, tsohuwar ta jawo ta jikinta, ni da Lena muka fita muka zauna a matakala, don ba sauran abin da za mu fassara.

Bayan 'yan kwanaki Umma ta roƙi Abba ya kai ta ta ga maƙabartar. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi addu'a, ta dawo tana ba ni labarin manyan itatuwan da ke ciki da rubutun Larabci a kan duwatsu. Ta koma hawa sama. Tun daga lokacin, in muna tsinkar kuɓewa, sai ta riƙa jero mini namu mutanen: kakanta da ya bar garinsu a shekarar fari ya sari daji ya kafa ƙauyensu, matansa, 'ya'yansa, har waɗanda suka rasu a goye. In na yi kuskure ta sa in sake daga farko.

Mun ƙara kamar shekara biyu sannan muka dawo Kano, su Oma kuma sun riga mu tashi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Yanzu mutanenmu sun saba da Guangzhou kamar Legas, mace na can tana ganin fuskar uwarta a waya duk lokacin da ta so, ba ta bukatar maƙwabciyar da ba ta jin yarenta. Na yi musu murna, ko da yake wani lokaci ina ganin akwai abin da ya wuce su. Umma ta tsufa, mantuwa ta fara cin ta, takan kira jikokinta da sunan juna. Allah Ya ba ta wasu uku bayan dawowarmu, amma in aka tambaye ta, biyar take cewa, in ta zo kan na biyun ta tsaya ta dube ni don in tuna mata. Ni ce yanzu ke riƙe da sunayen.