Tsutsar Ƙanƙara da Hannun Kaka

Wata Asabar ta watan Janairu, ina da shekara bakwai, Mama ta aike ni fitar da shara a ɗan tsakar gidanmu na unguwar Gorton a nan ƙasar Turawa, wanda ko akuya biyu ba zai ɗauka ba. Sanyi ya daskarar da komai, har tsumman da aka manta a igiya ya sandare kamar kilishi. Ni kuwa da ƙiriniya sai na ture wata tsohuwar tukunyar fulawa, na ga tsutsa ruwan toka a nannaɗe, ƙanƙara ta yi mata fari-fari. Na ƙwanƙwasa ta da farce, tauri kamar tsakuwa. Na dunƙule ta na kai wa Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta zo daga Kano jinyar ƙafa, take wuni jikin hita tana mitar garin da ranarsa ba ta da zafi. Ina buɗe hannu sai matacciyar ta miƙe, ta ɗaga kai a hankali, ta fara tafiya a tafina.

Tsikar jikina ta tashi, Kaka kuwa ko gezau. "Takwara, ai gaiwar Turawa ce," in ji ta, ta ba ni labarin kifin da ke kwance cikin busasshen taɓo duk rani har ruwa ya sauka. Baba, da ba ya barin tambaya ta kwana, ya ce kafin sanyi tsutsar kan daina ci, jikinta ya haɗa wani ruwa mai zaƙi-zaƙi da ke hana ƙanƙara yayyaga ta, numfashinta ya ragu har a ɗauka babu. Kaka ta sa na mayar da ita inda na ɗauko, wai ba a tashin mai barci kafin lokacinsa.

Sanyin bai wuce ba Kaka ta rasu a kujerarta ta jikin hita, da hantsi. A Kano da kafin la'asar an kai ta, amma a nan hukuma ta ce sai an bincika, tunda a gida ta cika. Kawu ya taso daga Birmingham, falo ya cika da masu gaisuwa, ana zaman makokin wadda ba a binne ba. Ina raba dabino na ji wata mata tana raɗa cewa baiwar Allah tana can cikin firjin ajiye gawa. Nan take zuciyata ta yi fari, ashe sanyi ne kawai. Na ja rigar Baba na ce a dawo da ita jikin hita, ya juya fuskarsa bango. Na gaya wa Kawu, ya ce in je in yi wasa. Ga shi kuma ana maganar haƙa kabari.

Ranar da hukuma ta ba da gawar, na bi Mama ɗakin wankan gawa na wani masallaci a unguwar Cheetham Hill, na sulale ta bayan mata kafin a sa likkafani. Hannun Kaka na waje, lallen da na taya ta ƙunsawa bai goge ba. Na riƙe shi da hannu biyu ina hura masa iskar bakina, sanyinsa na ratsa ni har haƙori. Ina cikin hurawa, wallahi sai na ji ɗan yatsanta ya saki, ya kwanta a kan nawa. Mama ta dafa kafaɗata, hannunta na rawa, ta ce, "Saki, Ummi. Wannan barcin ba mu ke tashinta ba."

Yau ina zaune a Birmingham da 'ya'yana. Na san nama kan saki in ya ji ɗumi, na san jinin mutum ba irin na tsutsa ba ne, amma sanin bai raba ni da abin da na ji ba. Duk hunturu nakan ɗaga tukunya a bayan gida, in na ga tsutsa a nannaɗe sai in mayar a hankali, kewar tsohuwar nan ta cika ni. Mama ta tsufa, kullum muna waya, amma har yau ban tambaye ta abin da ya sa hannunta rawa ba.