Gaban Famfo, Sama da Mai Tamis

Titinmu na Nakkasa bai taɓa samun allon suna ba, mu ma ba mu nema ba. Daga gindin dutse akwai tanderun mai burodin tamis, sai famfon da iyayenmu suka haɗa hannu suka jawo, sai masallacin da wani maɗinki Bakatsine ya fara da langa-langa. Da su muke kwatance. Da aka rushe unguwar muka koma Utaibiyya, amma kwatancen bai bar bakin Inna ba.

Aikin hajji ya kawo Inna ƙasa mai tsarki tun da ƙuruciyarta, ta zauna ba igama, wato takardar izinin zama. Ni ina da tawa ta wajen aiki. Bakina har ya gaji da cewa kada ta fita ita kaɗai, amma Inna in ta sa kai, sai dai ka bi ta da addu'a.

Wata rana da hantsi ta kira ni a waya.

"Kai, ƙafata ta ƙi. Zo ka ɗauke ni."

"Kina ina, Inna?"

"Gaban famfo."

"Wane famfo kuma? An tone shi."

"To, ɗan sama da mai tamis. Yalla, yi sauri."

Na fita nan take. Na isa na tarar da fili fetal, ko dutsen an yanke masa gefe. A da, in motar masu duba igama ta shigo, mai tamis ke buga faranti, kafin ta kai masallaci kowa ya shige lungu. Yanzu ba faranti, ba lungu, ga motar kuma tana tafe a hankali.

Na tsaya inda nake zaton tanderun yake, na haura, ashe na kauce sosai. Ni da aka haifa a titin nan na kasa gane shi, haushin kaina ya kama ni. Can na hango ta zaune kan bulo, motar ta fi ni kusa da ita. Ban yi gudu ba, don gudu shi ke jawo ido.

Masu duba igamar sun riga ni. Ina isowa na ji ɗayansu yana tambayarta cikin ladabi, da Larabci, ina ne gidanta. Ta ɗaga sanda ta nuna masa tarin ƙasa.

Da hukuma ta mayar da ita gida, ƙannenta ne suka tarbe ta a Sakkwato. Ba ta gane ko ɗaya ba.