Ranar Da Na Tare Ƙofar Ɗakin Matata

Ko zan manta komai a rayuwata, wannan ba zai fita daga raina ba. A shekarar da ruwa ya karya gadar ƙauyenmu ne, daminar da sai mun yi dogon zagaye ta Roni kafin mu isa Kazaure. A cikinta aka yi wa matata aiki aka ciro ɗanmu na shida. Likita bai ɓoye mana komai ba, ya ce idan ta sake ɗaukar ciki kafin ɗinkin ya yi ƙwari, mahaifar na iya fashewa. Ita kuwa ba ta taɓa yaye yaro ba sai da wani cikin.

Bayan ta yi arba'in ita ta kawo maganar. Ta ce, "Malam, ina so in ga auren yaran nan. Ka kai ni asibiti a sa mini robar mahaifa ta tazarar haihuwa."

Na ɗauke ta a babur. A asibitin maza a gindin darbejiya suke jira, ni kuwa na bi ta har bencin mata. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Malam, kai ma awon ka zo?" Na ce, "Hajiya, nawa cikin na tuwo ne." Aka yi dariya, ban tashi ba. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, takarda ba ta da amfani a wurina, don haka na roƙi malamar asibitin ta yi bayanin da baki a gabana.

Ta nuna mana robar, 'yar ƙarama, da siririn zare a gindinta. Ta ce za ta fara tabbatar da babu ciki kuma babu ciwon sanyi. Sannan matata za ta kwanta, a sa wani ƙarfe a buɗe hanya, a zura robar. Za ta ji murɗawar mara kamar ta al'ada, wata ma jiri yakan ɗebe ta. Bayan nan ciwon mara da ɗigon jini na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, kuma al'ada na iya ƙaruwa a watannin farko. Abin da zai sa mu dawo da gudu shi ne zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini mai yawa, ko ciwon da ya ƙi lafawa. Ta ce kada kowa ya ja zaren, ranar da muke so a cire, ita za ta cire.

Ban gama addu'a a waje ba aka ce an gama. Matata ta fito tana dafa bango, ta huta, muka tafi a hankali.

Washegari da hantsi na dawo daga gona na tarar da tsakar gida cike. Gidanmu na gandu ne, yayana ke riƙe da shi tun rasuwar Baba. Mahaifiyarmu ta ga jini a zanin matata, wata kuma ta gaya mata robar tana hawa har zuciya. Ta aika an kira ungozoma, ga ta nan tana shafa man shanu a hannu. Inna ta ce, "An ce abin yana da zare. A jawo shi kafin ya kashe mini ita."

A wurinmu namiji ba ya sa baki a irin wannan. Na je na tsaya a ƙofar ɗakin. Na taɓa goshin matata, babu zafi. Na tambaye ta jinin, ta ce ɗigo ne. Na ce, "Kina so a cire?" Ta ce, "Ba na so."

Aka kira Yaya. Ya ce, "Kai yanzu ka fi Inna sanin mace?"

Na durƙusa a nan bakin ƙofar na ce, "Yaya, ban fi ta ba. Amma ni na ga yadda aka shiga da ita ɗakin tiyata, kuma ni na ji abin da aka ce za a gani. Wannan jinin yana cikin abin da aka faɗa."

Ya ce, "Matsa, ko bayan girbi kowa ya noma nasa."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Ban matsa ba. Muna nan har ungozoma ta goge hannunta ta ce tana da haihuwa a wani gida.

Kafin mako ya zagayo ciwon marar da ɗigon jinin suka tafi. Da muka koma dubawa, malamar ta ce robar tana zaune daidai. Yaya kuma ya cika maganarsa.

Abin da na koya shi ne, wanda zai tsaya wa iyalinsa sai ya zauna ya ji bayani da kunnensa, ko da a bencin mata ne. Da a gindin darbejiya na jira, da na ga jinin nan ni zan riƙe wa ungozoma labule. Na rasa gonar fadama, na rasa shanun huɗa biyu, na yi damina biyu Yaya bai amsa gaisuwata ba. Iyakar asarar ke nan. Uwar 'ya'yana shida ba ta ciki.