Kabarin Kawu na Maryland

Abubuwa da yawa sun faru da ni tun zuwana Amurka, wasu na manta da su, wasu kuma da gangan na ajiye su gefe. Amma ranar da muka je ziyarar kabarin Kawu a Maryland, wannan kam ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin za ta fita daga kaina.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar garinmu na ƙasar Katsina tun kafin a haife ni, gwamnati ta turo shi karatu Amurka, daga nan kuma shiru. Mu mun tashi ne muka tarar da shi ya zama labari. A bakin wasu babban likita ne da Turawa suka hana shi dawowa saboda ƙwarewarsa. A bakin wasu injiniyan jirgin sama ne. Wata gwaggonmu ma ta rantse an taɓa ganinsa a talabijin yana tsaye bayan shugaban ƙasa. Kowace shekara muƙaminsa ƙaruwa yake yi, alhali babu wanda ya ji ko tarinsa. Abin da ba a taɓa faɗa mana ba shi ne dalilin da ya hana shi dawowa. Da zance ya zo wajen, sai wani ya tuna lokacin salla ya yi.

Inna, mahaifiyata, ita ce kaɗai ba ta ƙara masa muƙami. Ranar da zan taso, bayan ta gama yi mini addu'a, ta ce, "In ka je ka duba mini Yaya." Na ce to. Mu huɗu ko biyar ne 'yan dangi a yankin Washington, kuma ina da yaƙinin kowannenmu an ba shi wannan saƙon, kowa kuma ya ce to. Muka riƙe "to" ɗin nan da kyau, shekara da shekaru, ba mu bari ko ƙura ta taɓa shi ba.

Wata Baturiya da muke aiki tare ce ta jawo komai. Ita ba ta da hira sai ta kakannin kakanninta, wane ya zo a jirgin ruwa, wance an binne ta a ƙauye kaza. Ita ta nuna mini wani shafin intanet da 'yan sa-kai ke bin maƙabartu suna ɗaukar hotunan duwatsun kan kabari suna ɗorawa, kowane mamaci da shafinsa. Da yamma, a jirgin ƙasa ina komawa gida Woodbridge, na ce bari in gwada, don rage zaman hanya. Ɗaliban zamanin su Kawu kan ɗauki sunan garinsu ya zama sunansu na ƙarshe, don haka na rubuta sunansa na haɗa da na garinmu. Kafin jirgin ya bar Alexandria, ga shi ya fito. Hoton ɓangaren wani dutse ne, sunansa ɓaro-ɓaro, da shekarar haihuwa da ta yi daidai da lissafin Inna. Tukunyar fure ta rufe sauran. A wajen ranar rasuwa shafin ya rubuta: ba a sani ba. Ni kuwa na ce, ai dole, mutumin da ya mutu a baƙon wuri ba dangi, wa zai sani?

Na tura wa Yaya hoton. Wannan Yayan namu ne, ba na Inna ba: ɗan babbar yayar Inna ne, yana zaune a Germantown, kuma shi ya naɗa kansa shugaban dangi na ƙasashen waje, ba tare da an wahalar da kowa da zaɓe ba. Na ce masa mu yi shawarar yadda za a sanar da Inna a hankali. Ya ce wannan haka yake. Kafin in sauka daga jirgi sanarwa ta shiga guruf ɗin dangi na waya: bayan dogon binciken da muka gudanar, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Amurka, bayan fama da jinya. Har yau ban san inda Yaya ya samo jinyar ba.

Ban taɓa sanin danginmu na da himma haka ba. Mutanen da ba su taɓa ganin Kawu ba suka yi ta rubuta shaida a kan haƙurinsa da zumuncinsa. Wani da aka haifa bayan tafiyarsa ya ce ba zai manta da nasihar da ya yi masa ba. A gida aka kafa rumfa, aka yi zaman makoki, aka sauke Alƙur'ani, aka yi sadakar waina. Wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya, don Allah dai ba don komai ba, ko marigayin ya bar gida. Inna kuwa da na kira ta, kuka kawai take yi. A duk hidimar nan kukanta ne kaɗai na gaske.

Yaya ya yanke cewa ranar Asabar za mu je kabarin mu yi addu'a a madadin dangi, kuma za a nuna kai tsaye ta waya don 'yan gida su shaida. Ya zo da babbar riga mai aiki har ciki, da hula, da carbi mai manyan 'ya'ya, ya cika mini mota da turare. Muka sha cunkoson motoci a babban titin Beltway yana ta gwajin jawabi.

Maƙabartar shimfiɗe take da koriyar ciyawa kamar filin ƙwallo, ga bishiyoyi, ga alamar kuros a kan duwatsu da yawa. Yaya ya yi tsaki, ya ce, "Ka ga irin ƙarshen da ƙasar nan ke yi wa mutum." Shafin ya ba da sashe da layi, don haka ba mu sha wuya ba. Sai dai mun tarar da wani tsoho baƙar fata zaune a kujerar naɗewa daf da dutsen, da jaket da hular sanyi, da 'yar butar ban ruwa a gefensa.

"Wannan kuma ya rasa wurin shan iska sai kan kabarin mutane," in ji Yaya da Hausa, da ƙarfinsa, tunda a ganinsa daga ni sai shi ke jin Hausa a faɗin Maryland. Sannan ya juya harshe, ya roƙi tsohon da Turanci mai ladabi ya ɗan matsa, muna da addu'ar iyali. Tsohon ya dube mu, ya dubi babbar rigar, ya ja kujerarsa baya kaɗan.

A lokacin ne na ga dutsen gaba ɗayansa. Faffaɗa ne, suna biyu ne a jiki. A hagu sunan wata mace, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A dama sunan Kawu, da shekarar haihuwa, da ɗan layi, sannan wuri sumul ba a sassaƙa komai ba.  Na taɓa hannun rigar Yaya, amma ya riga ya ɗaga waya sama, fuskokin 'yan gida sun cika ta, ya kuma shiga jawabi. Wanda ya san Yaya ya san an fi sauƙin tsayar da jirgin ƙasa.

Ya ce tun ranar da ya sa ƙafa a ƙasar nan bai huta ba wajen neman mahaifinmu. Ya ce ya bi jihohi, ya bi asibitoci. Ya ce ga shi yau Allah ya haɗa su, amma ƙasa ta raba. Muryarsa ta yi rawa daidai inda ya kamata. Daga nan ya ce a yi Fatiha. Muka ɗaga hannu, 'yan cikin waya suka ɗaga. Da muka shafa, sai na ji wata murya a bayanmu ta ce amin.

Muka waiga. Tsohon ne yake shafa fuska.

"Sannunku da addu'a," ya ce, da wata Hausar Katsina irin ta da, mai nauyi, kamar an daɗe ba a taɓa ta ba. "Wa aka rasa?"

 Yaya ya faɗi sunan, a hankali, yana nuna dutsen da carbi.

"Allah ya jiƙansa in ya mutu," in ji tsohon. "Amma da safen nan dai ya sha shayinsa. Ku ɗiyan wa ne?"

Ni na amsa, don Yaya ya tafi wata duniya. Na faɗi sunan Inna. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Goshinta ne da kai." Wayar na nan a hannun Yaya, a kunne, rabin garinmu na kallo. Na ga fuskoki suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Masu shaidar zumuncin marigayi ba su shirya gaisawa da shi ba.

Muka zauna a ciyawa, babbar riga da komai, ya ba mu bayani ba tare da ya ɗaga murya ba. Kabarin matarsa ne. Da ta rasu ya sa aka sassaƙa sunayensu tare, kamar yadda ake yi a nan, a bar wa mai rai gurbi. Kowace Asabar yana zuwa ya ba furanninta ruwa. A Greenbelt yake zaune, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya a mota daga gidana ba. Ba likita ba ne, bai kuma taɓa tsayawa bayan shugaban kowace ƙasa ba. Lissafi ya koyar a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Na tambaye shi me ya hana shi gida. Ya ce da ya sanar da mahaifinsu zai auri Ba'amurkiya Kirista, amsar da ta zo ita ce kada ya taka gidan muddin yana tare da ita.

"Na ɗauka in an huce za a neme ni," ya ce. "Su kuma ina jin sun ɗauka in na gaji zan koma. Rasuwar Baba ma a bakin wani ɗan kasuwa na ji, shekaru bayan an yi."

Ya dubi Yaya. "Kai ne ka bi jihohi? Ka sha wahala. Lambata na cikin littafin waya tun kafin ka zo ƙasar."

Yaya ya ce ikon Allah ke nan.

Na kira Inna a wayata. Labari ya riga ya kai mata, amma ba ta yarda ba, ta ce kada a yi mata wasa da abin da ba a wasa da shi. Na miƙa wa Kawu wayar. Ya kira ta da wani suna da babu mai kiranta da shi tun rasuwar iyayensu. 

"Yaya," ta ce. "Na yi maka kuka har idona ya kumbura."

"Na gode," ya ce. "Ban san akwai sauran mai yi mini ba."

 Muka tashi muka ba su wuri. Ko Yaya bai yi jawabi ba.

Jawabin ya zo ne da yamma, a guruf. Alhamdu lillahi, binciken da ya jagoranta ya gano mahaifinmu da ransa, kuma yana jan kunnen matasa su daina gaskata duk abin da suka gani a intanet. Matasan nan ni ne. Aka yi kwana biyu ana barka, aka karɓi lambar Kawu da ɗoki. Daga baya na tambaye shi ko ana kiransa. Ya ce Inna kullum, sai wani yaro sau ɗaya da ke son a taimaka masa da biza. Tsoho mai rai yana buƙatar a kai shi asibiti, a zauna a saurari labarin da ya riga ya bayar jiya. Mamaci ba ya buƙatar komai sai yabo, shi ya sa ya fi farin jini.

Ni dai Greenbelt ta zama hanyata ta ranar Lahadi. Matata kan yi masa tuwo da miyar kuka, ya ci yana ƙorafin ba ta kai ta mahaifiyarsu ba. Shekarar da ta biyo baya na raka shi gida. Shi da Inna suka zauna a tabarma ɗaya, tsofaffi biyu, suna musu a kan wanda ya fasa wata randa tun suna yara. Ya ƙara wasu shekaru a duniya, kuma da lokacinsa ya yi muna kusa da shi. Aka yi masa salla a masallaci, mutane kaɗan ne amma duk sun san shi. Da na sa sanarwa a guruf, amsar farko da ta shigo ita ce, "An dai tabbatar wannan karon?"

Abin da na koya bai da tsawo. Shafukan nan na kaburbura suna da amfani, har yanzu ina shiga, sai dai yanzu nakan duba hoto har ƙasa kafin in sa mutane dafa waina. Babban darasin kuwa shi ne, in kana da ɗan'uwan da ya ɓace maka, ka fara nemansa cikin masu rai. Ka je da ƙafarka ka ƙwanƙwasa ƙofa tun yana iya tasowa ya buɗe. Mu sa'a muka yi namu ya ce amin da bakinsa, ba kowa ake yi wa wannan alfarmar ba.