Ranar da na yi lodin saje zuwa Sheda

Har gobe ban manta da ranar da na yi lodin saje ba. Ku yaran garejin nan kun san ni da lodin lemo da kankana daga kasuwar Zuba, to akwai lokacin da na ɗauko tsohon soja guda a bayan a-kori-kurar nan da kuke raina wa wayo.

Shekarar korona ce, lokacin kulle. Lodi ya tsaya, muna zaune muna ƙirga ƙudaje. Sai wasu 'yan aikin sa kai, yawancinsu ma'aikatan gwamnati masu Turanci ta hanci, suka zo neman mota za su kai wa tsofaffin sojoji abinci da godiya. Shugabarsu Hajiya Bilki, mace ce mai kirki, amma doka a wurinta kamar karatun sallah. Ni Idi, da lissafi ya kora daga sakandare, sai ga ni da fas, takardar izinin wucewa, a gilashin mota, ana buɗe mini shinge kamar wani oga.

Ga yadda aikin yake. A ajiye buhun shinkafa da jarkar mai a ƙofar gida, a ja da baya. Ba musabiha, ba shiga gida, ba ɗaukar fasinja, don an ce tsofaffi cutar ta fi kayarwa. Hajiya ta yi jawabin godiya ta cikin takunkumi, a ɗau hoto, a wuce.

Da hantsi muka isa Paikon Kore, gidan wani Baba Saje Ɗanladi. Saje shi ne mai igiya uku a hannu, yana gaba da kofur mai igiya biyu. Muka tarar da shi zaune cikin tsohon kakinsa, guga har tana yanka, lambobi a ƙirji, takalmin gona a ƙafa. Hajiya ta yi jawabinta tsaf. Bai ko kalli shinkafar ba.

Ya ce, "Daga nan ina kuka nufa?"

Na ce, "Sheda, Baba, gidan marigayi Kofur Audu. Iyalinsa za mu kai wa."

Ya ce, "To ku mayar da shinkafa mota, ni ma ku saka ni."

Ashe Kofur Audu abokinsa ne, tare suka shiga soja, tare suka ga wuta, tare suka dawo noma. Ɗaya coci, ɗaya masallaci. Kuma al'adarsu ce, su tsofaffin sojojin yankin, in ɗaya ya rasu sai na raye su sa kaki su je su sara masa a bakin kabari. Kofur ya rasu cikin kulle, aka rufe shi ba taro. A waya Baba Saje ya ji. Kullum tun ranar sai ya sa kaki ya zauna jiran mota.

Hajiya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, don lafiyarka ne. In an buɗe gari ka je."

Ya ce, "'Yata, ki dube ni da kyau. Ni da garin, wa kike ganin zai riga wani buɗewa ko rufewa?"

Ni ko bakina ba ya zama. Na ce, "Hajiya, doka cewa ta yi a ba da tazara kuma a sha iska. Bayan motata ai har kankana ba ta taɓa kukan zafi ba. Mu ɗaure masa kujera, shi kaɗai, mu sa masa takunkumi."

Ta ce, "In aka tare mu a shinge fa?"

Na ce, "Ki bar ni da su."

Ƙarya nake, ba ni da wata dabara. Ta dube shi, ta dube ni, ta zaro sabon takunkumi daga jakarta ta miƙa wa jikarsa da ke tsaye a gefe ta ɗaura masa.

Haka na ɗaure kujerar roba da igiyar lodi, na ja mota a hankali kamar na ɗauko ƙwai. A shinge wani matashin soja ya ɗaga hannu, ya duba fas, ya zagaya baya. Ina shirya ƙaryar da zan yi, sai na hango shi ta madubi ya ƙame ya sara. Baba Saje ya amsa daga kan kujera. Yaron ya yi masa tambaya biyu, ya dawo ya ce mini, "Direba, ka bi a sannu, kuma ka mayar da shi gida da kanka."

A Sheda ɗan marigayin ya nuna mana kabarin daga nesa. Baba Saje ya ƙi sanda, ya taka shi kaɗai. Ya tsaya, ya gyara hula, sai ya waiwayo.

"Babu bigila," in ji shi. Wato kakakin da sojoji ke busa wa mamaci.

Na ce, "Baba, hon ɗina ne kawai, shi ma kukansa kamar akuya mai mura."

Ya ce, "Audu ma muryarsa ke nan. Danna."

Na danna, na riƙe. Ya ɗaga hannu har ya kai goshi. Da na saki sai muka ji yana cewa, "Kullum kai kake fara sara mini, Kofur. Yau ni na fara." Hajiya da wayarta a hannu, amma ba ta ɗau hoton ba.

Da na mayar da shi gida, da kansa ya ce a sauke shinkafar. Na ce, "Baba, to kai wa zai sara maka?" Ya ce, "Kai mana, kurtu. Ai ka ci jarrabawa."

Damina biyu bayan nan jikarsa ta kira ni, ta ce Baba Saje ya rasu. Na sauke lodin lemo, na je bakin kabarinsa, na danna hon, na sara da wannan hannun. Ban iya ba, amma na yi.

Abin da aikin nan ya koya mini, in za ka gode wa tsoho, fara tambayarsa me yake jira. Mu mun kai shinkafa, shi kuwa mota yake jira.