Malam Jumare, Wanda Ya Hana Ni Karanta Saƙon Matata

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Jumare ke jingine kekensa a gindin darbejiyar ƙaramin asibitinmu, nan gefen Makarfi. Da kansa yake share ɗakin katuna, ya goge kwamfuta, sannan ya gyara teburi yadda mai shigowa ba zai ga komai ba sai bayanta. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da katunan marasa lafiya. Shida na ƙarshe su ne na imel.

A da, sakamakon gwajin da aka kai Zariya a hannun direba yake dawowa cikin ambulan, kuma kafin ya iso asibiti 'yan tasha sun gama yi wa mai shi addu'a. Yanzu ta imel yake zuwa, a kulle. Ba ya buɗuwa sai an sa wata lamba da ake turowa wayar mai ciwon, lambar kuma ba ta wuce minti goma ta mutu. Waɗanda suka tsara abin ɓarayin intanet suke tsoro. Ba su san mu ba. A nan mai leƙen asirinka da sallama yake shigowa, riƙe da ledar lemo.

Za a tare Jumare a ƙofar masallaci: an tashi lafiya, ya iyali, ya aiki, sai a zarce, "Ya jikin Alhaji Yahuza kuma?" Duk wanda ya ce "da sauƙi" ya riga ya faɗa cewa akwai ciwo. Shi sai ya ce, "Ai gidansa ba nisa." Kan wannan aka yanke masa hukuncin girman kai. Ya daina zaman majalisa, don an koma karanta fuskarsa in wani ya gifta. Shi kaɗai yake cin abincin rana.

Ba a bakin wani na ji halinsa ba. Shekara huɗu da suka wuce aka ɗebi jinin matata Talatu aka kai Zariya. A wajenmu, in ciwo ya yi muni, mai gida ake ja gefe a faɗa masa. Shi kuma ya koma ya ce wa mai ciwon gyambon ciki ne, a ci gaba da shan magani. Tausayi muke kiran wannan. Haka na yi wa mahaifiyata, haka kuma na shirya yi wa Talatu. Ranar da aka ce sakamako ya iso, na ɗauki wayarta tana wanka, na tafi asibiti ni kaɗai.

Ni na koyar da Jumare a firamare, don haka ban yi zaton wata gardama ba.

"Kai Jumare, ga wayar. Sa su turo lambar."

Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya riga ya danna kafin ya lura ni kaɗai ne, wayar ta yi ƙara a hannuna.

"Malam, ina Inna?"

"Tana gida. Ga lambar nan ta shigo, rubuta."

"Saƙon nata ne, Malam."

"Ita kuma matar wa ce? Yaron da ya yi wata uku bai iya riƙe alli ba, yau shi zai koya mini doka?"

"Har gobe ina gode wa bulalar nan, Malam. Amma sai Inna ta zo."

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Bai ɗago kai ba. Muka zauna, ni a kujerarsa, shi a tsaye, har lambar ta mutu.

Washegari Talatu ta zo. Ya tambaye ta ko tana son in shiga tare da ita wajen jami'ar lafiya. Ta ce, "Bar shi ya huta a benci, ƙafarsa na ciwo." Ƙafata lafiya lau. A hanyar gida ta faɗa mini da bakinta: "Malam, ciwon daji ne, a hanta, kuma ya yi nisa. Gobe ka kai ni Kurmin Kogi."

Ƙanwarta Hajo ke can. Shekara tara ba sa ga maciji, kan wata magana da aka yi a gidan suna. Da na ce mata gyambon ciki ne, da ta jira ta warke kafin ta je. Hajo ce ta yi jinyarta wata biyar, kuma a cinyarta ta cika.

Shekara biyu na yi ba na amsa gaisuwar Jumare. Ba don ya yi laifi ba. Don ya ga abin da na je yi.

Kai ne, Jumare, makullin da ba ya jin lallashi. Kai ka tsaya gaban malaminka, ba ka ba shi abin da ba nasa ba. Na karanta littattafai da yawa a kan amana, ban gane ta ba ranar da ta tsaya a gabana da hula a karkace. Ba zan ce na daina jin haushinka ba. Gidan ya yi mini girma, kuma mutum na buƙatar wanda zai ji wa haushi. Amma na gode. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa mutane.

Makon jiya aka yi masa walimar ritaya. Mu goma sha ɗaya ne, har da mai gadi. Ban yi mamaki ba. Waɗanda ya fi yi wa alheri ba za su iya zuwa ba, don zuwan nasu kansa tonon asiri ne.

Masu aiki a irin wannan teburi, daga Ikara har Kudan, ku yi koyi da shi, ko da za ku rasa abokan hira. Ke musamman, Malama Rumaisa, da kika gaji kujerarsa. An kai jinina Zariya ranar Laraba. Babban ɗana Shamsuddeen ya riga ya karɓi wayata, wai don ya rage mini wahala. Zai zo miki ranar Litinin. Yana da ladabi, kuma alheri yake nufi, kamar ubansa. Kada ki buɗe masa. Zan zo da kaina, ko a amalanke za a turo ni.